Kawuna, Wanda Ya Ƙi Yarda Ɗaya da Ɗaya Ɗaya Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi Allah Ya karɓi ran Kawu, kafin la'asar mun kai shi gidansa na gaskiya. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni tun ina aji uku a firamare, lokacin da mahaifina ya rasu. Shi ya sa ni a hanyar malanta. A ƙofar gidansa da ke cikin garin Daura na zauna kwana uku ina karɓar gaisuwa kamar ɗan cikinsa.

Mai zaman makoki yakan ji abin da ba a yi niyyar ya ji ba. Mutum zai zo ya durƙusa, ya ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Malam." A shafa. Sai ya matsa gefen tabarma, ya sami sa'ansa, ya rage murya.

"Mutum ne mai gaskiya," in ji wani tsohon abokin aikinsa. "Sai dai kafiya."

"Ai da ya iya bakinsa, da ba a ƙofar wannan gidan za a yi zaman makokinsa ba," in ji na kusa da shi, yana kallon katangar da damina ta zaizaye.

Wani magidanci ya zo a kan babur tun daga can wajen garin Babban Mutum, da ƙullin gero a bayansa. Ba wanda ya san shi a cikinmu. Ya ce magini ne, kuma Malam ne ya koya masa yadda ake fitar da kusurwar ɗaki da igiya da turaku uku. Ya fara ba da labarin, bai ƙarasa ba ya miƙa geron ya tashi. Ko ruwa bai sha ba.

Rana ta biyu surukina ya zo, wato mahaifin matata. Mota ta tsaya, mutane suka miƙe, aka shimfiɗa masa darduma a kan tabarma. Ya riga ya yi ritaya daga aikin ilimi, amma har yau in ya yi gyaran murya ana yin tsit. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Mun yi rashin ginshiƙi. Irin su Malam ba a samunsu yanzu. Ni shaida ne, mun yi aiki tare."

Kowa ya ce, "Allahu akbar. Haka ne."

Da aka aika cikin gida cewa zai shigo ya gai da mata, Inna, mahaifiyata, ta ce a gaya masa kanta na ciwo. Matar Kawu, wadda muke kira Iya, ita ta fito zaure ta amsa gaisuwar, idonta a ƙasa.

A cikin waɗanda suka ce "haka ne" akwai aƙalla mutum shida da suka san abin da ya faru tsakanin mutanen nan biyu, don a gabansu aka yi. Ni ne na bakwai. Na ga alamar in aka tashi daga tabarmar nan, abin da zai rage na Kawu shi ne "mai gaskiya, sai dai kafiya." Shi ya sa na ɗauki biro.

Kawu malamin lissafi ne, ko da yake firamare ya yi yawancin aikinsa, inda malami ɗaya ke koyar da komai. Ba ka raba aljihun rigarsa da guntun alli. Iya ta yi mita har ta gaji, don duk wankin da ta yi sai ta tarar da alli ya jiƙe ya zama kunu a aljihu. In magana ta kama a majalisa, ko ta awon gona ce ko ta nisan Mashi da Dutsi, sai ka ga ya sunkuya yana zane a ƙasa ko a jikin ƙyaure. Ƙyauren zaurensa har yau fari-fari yake.

Maganarsa guda ce ga duk abin da ya shige wa mutum duhu: "Sa lamba ka gani." In ɗalibi ya rikice da haruffan aljabara, su a da b, ba ya yi masa dogon bayani. Sai ya ce, "Harafin nan riga ce kawai lamba ta sa. Tuɓe mata. Sa biyar a wurin, mu ga ko maganar za ta tsaya da ƙafarta."

Ba ya duba amsa kaɗai. Layi-layi yake bin aikin yaro, da ɗan yatsa. Na taɓa kawo masa aikin gida, amsata daidai, amma a tsakiya na yi kuskure biyu da suka cinye juna. Ya zana mini ƙaton sifili. Na ce, "Kawu, ai amsar daidai ce." Ya ce, "Ka iso Daura, amma ta gonar mutane ka biyo. Koma ka biyo hanya." Na yi kuka ranar. Bai lallashe ni ba. Da yamma dai ya sayo mini rake.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba. Babban yabonsa shi ne "ba laifi." Ranar da na gama kwalejin horar da malamai, na kawo masa takardata, ya karanta ta tun daga sama har hatimi, ya ce, "Ba laifi." Kuma bai san inda ake yin shiru ba. A wani taron suna ya taɓa tsayar da maroƙi yana tsakiyar kirari, ya ce masa ya tsallake kaka ɗaya a lissafin zuriyar mai gida. Aka yi dariya, maroƙin bai yi ba. Inna takan ce, "Yaya, ba kowace karkatacciya ce taka ba." Shi kuma ya ce, "To ta wa ce?"

Abin da zan faɗa ya faru kusan shekara ashirin da suka wuce. Lokacin Kawu hedimasta ne a wata ƙaramar makarantar ƙauye, ajujuwa uku da bishiyar darbejiya. Ni kuma sabon malami ne a makarantar ƙauyen da ke gaba da su, wadda ta fi girma. Tsakanin ƙauyukan biyu akwai rafi. Da rani yashi ne, ko akuya ta tsallake. Da damina kuwa, in an yi ruwa da safe, babba ma sai ya naɗe wando har cinya.

Sai magana ta fito daga ofis cewa za a haɗe makarantun biyu. Ta Kawu za a rufe, yaranta su riƙa zuwa tamu. Jami'in da ya kawo tsarin, wanda makarantun yankin duka ke ƙarƙashinsa, shi ne wanda ya zama surukina. A lokacin bai zama ba tukuna. An kai gaisuwa, an sa rana, saura wata biyu ɗaurin aure.

Ya kira taron hedimastoci da wasu malamai a wani aji a cikin gari. Muka zauna a bencin yara, gwiwoyinmu na dukan tebur. Ya san Kawu ya zo da ƙorafi, don ya riga ya rubuta masa takarda har sau biyu. Saboda haka bai fara da maganar makaranta ba. Ya ɗauki alli yana murmushi, ya ce, "Na ji wasu na cewa makaranta biyu sun fi ɗaya. To bari in nuna muku abin da muka karanta a jami'a. Ɗaya da ɗaya ba kullum suke zama biyu ba."

Ya rubuta layi shida a allo. Har gobe ina iya rubuta su ido rufe:

a = b
a × a = a × b
a² − b² = ab − b²
(a + b)(a − b) = b(a − b)
a + b = b
1 + 1 = 1

Yana rubutawa yana bayani. A ce a da b lamba ɗaya ce. A ninka kowane gefe da a. A ɗebe b sau b daga kowane gefe. A warware kowane gefe a sa shi cikin baka. Da ya zo nan sai ya ce, "Kun ga (a − b) tana hagu, tana dama. Abin da ke gefe biyu ana soke shi." Ya ja mata layi nan, ya ja mata can, ya rubuta layi na biyar. Sannan ya ce, "Yanzu a ce a ɗaya ce, b ma ɗaya ce." Ya rubuta na shida, ya ja masa layi biyu a ƙasa, ya kaɗe hannunsa.

"Makaranta ɗaya da makaranta ɗaya, makaranta ɗaya. Lissafi ma ya yarda."

Aji ya ɗauki tafi. Wani ya ce, "Kai! Ilimi kogi ne." Wani ya fara kwafa a littafinsa.

Ni na gani. Tun yana jan layin sokewar nan na gani, don a hannun Kawu na tashi. In a da b lamba ɗaya ce, to a a ɗebe b babu abin da ya rage. Sifili ne. Sokewar da ya yi rabawa ce da sifili, abin da ake hana ɗan aji ɗaya na sakandare. Na gani sarai, na kalli mutumin da zai ba ni 'yarsa, na ɗaga hannuwana na tafa tare da kowa.

Kawu bai tafa ba. Ya miƙe a hankali, ya ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne wannan ko da gaske?"

Na sha tunanin wannan tambaya. Ƙofa ce Kawu ya buɗe masa. Da ya ce, "Wasa ne, Malam, na gwada ku ne," da an yi dariya an wuce. Har yau ban sani ba ko ya san dabara ce, ko kuwa shi ma wani ne ya nuna masa ya haddace. Amma tafin ya riga ya shiga kansa. Ya ce, "Lissafi ba ya wasa, Malam. Wanda ya iya ya zo ya ƙaryata." Ya miƙo alli.

Kawu ya ce, "Ina da nawa." Ya zaro guntu daga aljihu.

Bai goge komai ba. Gefen kowane layi ya tsaya. "Mu sa lamba mu gani. A ce a biyar ce, b ma biyar. Layi na farko, biyar daidai da biyar. Gaskiya ne?"

Aka ce, "Gaskiya ne."

"Na biyu, ashirin da biyar daidai da ashirin da biyar. Na uku, ashirin da biyar a ɗebe ashirin da biyar, babu. Can ma babu. Babu daidai da babu, ba wanda ya yi ƙarya tukuna. Na huɗu, goma sau sifili daidai da biyar sau sifili. Har yanzu lafiya lau, don duka biyun sifili ne." Ya ɗora yatsa a layi na biyar. "Na biyar, goma daidai da biyar. To nan ɓarawon ya shigo."

Ya juya ga jami'in.

"Abin da ka soke, ranka ya daɗe, sifili ne ya sa riga. Ba a rabawa da sifili. In ana yi, to tunkiya bakwai sau babu daidai take da tunkiya uku sau babu, sai in soke babun in ce bakwai uku ce. Bari in sami mai tunkiya bakwai a kasuwar Mashi in gaya masa haka, mu ga ko zan dawo da haƙorana."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Amma an riga an ji. Wanda ke kwafa ya rufe littafinsa a hankali.

Kawu ya mayar da allinsa aljihu, ya ce, "To, tunda ɗaya da ɗaya sun koma biyu, sai mu yi maganar rafi. Ina da yara 'yan shekara shida. Wa zai tsallakar da su da damina?"

Ba a yi maganar rafi ba. Jami'in ya dubi agogo, ya ce lokacin salla ya yi, an rufe taro. Da muka fito, mutanen da suka saba rige-rigen gaisawa da Kawu kowa ya sami abin da yake nema a aljihunsa. Shi kaɗai ya tura kekensa zuwa bakin titi. Ni ma ban bi shi ba. Ina can ina riƙe wa jami'in ƙofar mota.

Kafin wata ya ƙare takarda ta fito. An rufe makarantar Kawu. Shi kuma an mayar da shi wani ƙauye can wajen Babban Mutum, dab da iyaka, ba a matsayin hedimasta ba, malamin aji. Takardar ta ce ana bukatar gogewarsa a can. Abokan aikinsa suka ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba wanda ya ce lissafinsa ba daidai ba ne. Ba kuma wanda ya ce daidai ne.

A wannan satin na ji Inna da Kawu suna faɗa, abin da ban taɓa ji ba. Ina zaure, suna tsakar gida.

"Yaya, ka je ka ba shi haƙuri. Mutanen nan sun fara jan ƙafa a maganar auren. Yaron nan maraya ne, kai ka riƙe shi, kai kuma za ka rushe masa?"

"In je in ce masa me? In ce ɗaya da ɗaya ɗaya ne?"

"Ka ce ma rabi ne, ina ruwana! Allo ne fa, Yaya. Alli ne. Da tsumma ake gogewa."

"Yaran da za su zauna a gida fa, da me za a goge su?"

Inna ta fashe da kuka, ta ce ya fi son gaskiyarsa da jininsa. Kawu ya fito ya wuce ni a zaure. Bayan kwana kaɗan sai aka aiko daga gidan su yarinyar cewa rana tana nan yadda aka sa. Na ɗauka surukina ne ya yi halin girma. Aka ɗaura aure, Kawu ne ma ya karɓar mini. Washegari ya ɗaure katifarsa a bayan motar haya ya tafi.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a can. Iya ta zauna a Daura saboda karatun yara, shi yana zuwa bayan mako biyu a kan wani tsohon babur da ya saya. A hanyar nan ya faɗi a yashi ya karya ƙafa, aka yi ɗori bai kamu daidai ba, ya ƙare rayuwarsa yana ɗingishi. Ɗaliban da ya koyar suka zama shugabanninsa. Ya yi ritaya a matakin da takardar nan ta same shi.

Yaran ƙauyensa kuwa, ni na karɓe su a makarantarmu, don haka ba labari aka ba ni ba. Da rani sun zo. Da ruwa ya sauka, manyan maza suka ci gaba da tsallakowa, ƙanana da 'yan mata suka ɗauke ƙafa. Da kaka wasu suka dawo, an wuce su, suka ji kunya, suka sake ɗaukewa. Ni nake kiran suna kowace safiya. Na yi ta kiran sunayen da ba mai amsawa, har wata rana hedimasta ya ce in daina ɓata lokaci. Ajujuwa ukun nan, da na bi ta wurin bayan wasu shekaru, an kwashe kwanon rufin, wani yana ajiye harawa a ciki.

Ni kuwa sai gaba. Aka dawo da ni cikin gari. Aka ba ni hedimasta ina da ƙuruciyata. Daga nan aka ɗauke ni ofis, mai duba makarantu. Ba zan ce ban iya aikina ba, amma duk matakalar da na taka na san wanda ya riƙe mini tsanin.

Da Kawu ya zage ni, da na sami sauƙi. Bai taɓa ba. In na je gaishe shi sai ya tambayi matata da yara, ya sa a kawo mini fura. Dariyarsa ce dai ta ragu, kuma ya daina zane a ƙasa a majalisa. In gardamar lissafi ta tashi aka ce, "Malam, raba mana," sai ya ce, "Ku tambayi na ofis."

Wata rana aiki ya kai ni makarantarsa. Na so in ƙi zuwa, ba hali. Na tarar da shi a aji marar ƙofa, yara a zaune a ƙasa, yana koya musu kashi-kashi da ƙwayar gyaɗa. Yana ganina ya ce wa yaran su miƙe su gai da baƙo. Shi ma ya miƙe, da ƙafar nan tasa. Ya ɗauko littafin shirin darasinsa ya miƙo mini da hannu biyu.

Na ce, "Haba Kawu, don Allah zauna."

Ya ce, "A gida nake Kawu. Nan aikinka ka zo yi, ranka ya daɗe."

Na buɗe shafin ƙarshe zan sa hannu in huta. Ya dafe littafin. "A'a. Karanta. Kowane layi. In akwai kuskure ka nuna mini." Na tsaya a gaban yaran nan na karanta shafi goma sha huɗu, gumi na bin bayana. Babu kuskure ko ɗaya. Da zan tafi ya cusa mini ƙullin gyaɗa a mota, ya ce in kai wa jikokinsa.

Ciwonsa na ƙarshe ya ɗauki wata huɗu. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na same shi shi kaɗai a ɗaki, an jingina shi da filo. Ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Na zauna a bakin gado, na ce, "Kawu, akwai abin da nake so in gaya maka. Ranar taron nan, na ga kuskuren."

Ya ce, "A wane layi?"

"Wajen shiga na biyar. Tun yana sokewa."

Ya gyaɗa kai. "Na sani. Ina kallonka. Na ga ka ɗaga gira, na ce a raina, yaron nan ya gani. Daɗi ya kama ni. Sai na ga hannuwanka."

Na ce, "Ka yafe mini."

"Na yafe tun a bakin titi. Ai ba don kai na tashi ba." Ya ja numfashi. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da mutum biyu ne suka ce ba daidai ba ne, da sai an yi maganar rafin. Mutum ɗaya mahaukaci ne. Biyu kuwa shaidu ne."

Ya ce in miƙo masa ruwa.

Ranar addu'ar uku, bayan an watse, Iya ta kira ni ɗakinta. Tana zaune a kan tabarma cikin mayafin takaba. Ta ce, "Akwai maganar da ya hana ni faɗa yana raye. Yanzu ba ya nan, kuma na gaji da ɗaukarta. Ka san ya je?"

Na ce, "Ina?"

"Gidan surukinka. Kwana biyu bayan faɗansu da uwarka. Ya sa babbar rigarsa ta salla, ya tafi da sassafe. Aka bar shi a zaure har rana ta take. Da mutumin ya fito, da baƙi a wurin, kawunka ya cire takalmi ya durƙusa. Alhali kawunka ya girme shi da shekara takwas. Ya ce, 'Na yi maka rashin ladabi a gaban jama'a, ka yafe mini. Kada laifina ya shafi yaron nan.' Shi kuma ya ce, 'To lissafin fa?' Kawunka ya ce, 'Lissafin ba nawa ba ne, balle in ba da haƙuri a kansa. Rashin ladabin ne nawa.' Mutumin ya ce aure yana nan, takarda ma tana nan." Ta gyara mayafinta. "Da ya dawo bai ci abinci ba. Rigar nan bai sake sa ta ba, kyauta ya bayar. Matar da kake zaune da ita, da gwiwarsa ya karɓo maka ita."

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. A ƙofar gida na tarar da surukina yana jirana, direbansa ya tafi wani aike, yana so in kai shi gida. Na buɗe masa mota. Muna tafe yana jan carbi, har muka kusa unguwarsu, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah Ya jiƙan kawunka. Yana da ilimi, ba a raba shi da wannan. Zaman duniya ne dai bai iya ba."

Maganar Iya ko awa ɗaya ba ta yi a kunnena ba. Bakina ya cika. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na ji muryata tana cewa, "Haka ne, Baba."

Ina da shekara arba'in da bakwai, ina da furfura a gemu, abin da na iya ke nan.

Da na gama rubuta wannan, matata na fara ba wa. Ba ta san ko ɗaya daga ciki ba. Ta zauna a bakin gado ta karanta, ta koma farko ta sake. Mahaifinta ne, kuma uba ne mai kyautata mata, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba.

Ta ce, "Malam, ka san Baba zai gani."

Na ce, "Na sani."

"Zai ce ka ci amanarsa. 'Yan'uwana za su daina shigowa gidan nan."

"In kin ce in yaga, zan yaga."

Ta ninke takardun, ta riƙe su a cinyarta. Hawaye na zuba, ba ta share ba. Can ta miƙo mini, ta ce, "Kada ka ɗora mini. Shekara ashirin wani ne ke ɗaukar maka. Wannan kai za ka ɗauka."

To, na ɗauka. Ga shi nan, ban cire komai ba.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka da ƙafa mai ɗingishi da hannu mai tsabta. Ka yafe masa kaifin harshensa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi matsayin da mu muka hana shi. Ka ba Iya da Inna haƙurin rashinsa. Mu kuma da muka gani muka yi shiru, Ka ba mu lokacin da za mu gyara kafin a zo ɗaukarmu. Amin.